Ranar da ɗan sanda ya ce in tare masa mutum

"Malam, tare mini shi!" Da ni ɗan sandan yake, don babu kowa a bakin ƙofar tashar sai ni. Saurayin da ya koro, wanda aka ce ya fizge waya, ya zo zai gifta, na cafke hannun rigarsa, muka zube tare. Ɗan sandan ya iso yana haki, ya ce in danne kafaɗa ɗaya har ya sa ankwa. Yana sawa ya ce, "Sake shi haka nan." Na sake. Wani da ya taho daga baya ya kai wa yaron hauri a haƙarƙari; ɗan sandan ya daka masa tsawa, ya kuma rubuta sunan mai haurin.

Ni na ɗauka magana ta ƙare. Ashe da sauran rina a kaba. Aka kai ni ofis na ba da bayani a rubuce, kuma da aka karanta mini, na roƙi a ƙara layi ɗaya: cewa jami'in ne ya kira ni da bakinsa. Daga baya wata lauya da na tuntuɓa ta ce duk takardar babu layin da ya kai wannan amfani.

Ga dalilinta. Wanda jami'i ya kira, a inuwar jami'in yake aiki, kuma a wurare da dama doka ma tilasta masa take yi. A Ingila, ƙin taimaka wa ɗan sanda lokacin tarzoma ba tare da uzuri ba laifi ne. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta riƙe irin wannan doka tun 1872, sai a 2019 ta soke ta. Amma wanda ya yi kamu don raɗin kansa, shi da kansa zai kare abin da ya yi. Wata shari'a ta 1914 a Ingila ta nuna cewa zargi mai ƙarfi bai ishi farar hula ba, sai an tabbatar lallai an aikata laifin, in ba haka ba ya biya diyyar tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba. Jihar Jojiya ta Amurka kuwa ta soke tsohuwar dokarta ta kamun farar hula a 2021, bayan kisan Ahmaud Arbery, wanda wasu mutane suka bi da mota da bindiga a 2020.

Inuwar ma tana da iyaka. Dokar Ingila ta 1967 ta yarda a yi amfani da ƙarfi daidai da halin da ake ciki wajen taimaka wa kamu na halal. Danne kafaɗar mai kokawa ya shiga ciki. Haurin wanda aka riga aka sa wa ankwa duka ne tsagwaronsa, ko da sata a hannunsa. Ni a ganina nan ne yawancin masu "taimako" ke jefa kansu cikin matsala, don jiki na ɗumi, ga jama'a na zuga.

A kotu lauyan yaron ya fi damuwa da hannuna fiye da satar. A ina na riƙe shi? Na taɓa wuyansa? Yaushe na sake? Na amsa abin da na gani kawai, ban ce uffan kan wayar da aka ce ya fizge ba, tunda ban ga fizgewar ba.

Gwiwata da ta gurje kuwa, na sa likita ya rubuta rahoto a ranar, na adana sunan jami'in da lambarsa. Batun diyya ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A 1928 babbar kotun jihar New York ta tabbatar da biyan diyya saboda mutuwar wani direban tasi da ɗan sanda ya umarta ya bi wata mota, ya yi hatsari ya rasu. A wasu wuraren sai ka bi ta asusun tallafa wa waɗanda masu laifi suka cutar, kuma takardar likita da ta 'yan sanda su ne farkon abin da za a nema.