Mako na uku a kan tsohon injin yankan katako Stihl 070

'Yan uwa masu koyo, yau injin da na gada daga kawuna ya tashi, bayan shekarun da ya yi a ƙuryar shago ƙura ta lulluɓe shi. Samfurin 070 ne, wanda kamfanin Stihl na ƙasar Jamus ya fara fitarwa a 1968, mai silinda ɗaya ta cc 106, kuma har yau masu tsaga katako a Najeriya da Gana suna ji da shi saboda ƙarfinsa.

Ban ja igiya ba a makon farko, ko da yake hannuna yana ta ƙaiƙayi. Na kwance salansa, wato tukunyar hayaƙi, na haska fistin da tocila ta ramin fitar hayaƙi, domin in har ya karce, duk wani gyara na gaba ɓarnar kuɗi ne. Alhamdu lillahi, sumul yake, sai baƙin hayaƙi da ya daskare a bakin ramin, na kankare shi da tsinken itace don kada ƙarfe ya ji wa silindar rauni. Fulogi kuwa na sa sabo, na daidaita bakinsa a milimita 0.5, wuta ta kawo shuɗiya.

Kafireta ce ta cinye mini kwanaki. Tsohon fetur ya bushe a cikinta ya zama kamar ƙaro, ga wari mai hawa kai, siririyar fatar nan da ke tura mai kuma ta ƙandare har tana ƙara idan an lanƙwasa ta. Na wanke kowace kafa, na sauya fatar da tiyon mai, sannan na mayar da kusoshin L da H, masu daidaita shigar mai a ƙaramin gudu da babban gudu, a hankali har suka zauna, na warware kowanne zagaye ɗaya. A nan ina roƙonku kada ku ɗaure su da ƙarfi, domin tsininsu ba ya jure matsi.

Na haɗa fetur kashi 25 da baƙin mai na inji mai bugu biyu kashi 1. A ja na shida ya kama, amma ina sakin maƙura sai gudunsa ya riƙa hawa da kansa. Nan take na kashe shi, domin alama ce iska tana shiga ta robobin da ke toshe gefen karanshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, kuma injin da iska ta yi wa yawa zafi yake yi har fistin ya cije. Na aika a nemo mini sababbin robobi, kafin su iso zan wasa sarƙar da zagayayyen magagari na milimita 5.5.