Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Kafin ka gina shafi, nemo wanda zai biya

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya a lokacin da gina shafukan intanet ya tashi daga abin sha'awa ya zama sana'ar da nake ci da ita. Duk abin da ya biyo baya a rayuwata a kan wannan sana'a yake rataye, kuma wanda bai san yadda take ba ba zai fahimci sauran labarin ba. Don haka wannan makon nata ne.

Tambayar da matasa suka fi yi mini ita ce, wane irin shafi ne ya fi kawo kuɗi? Ni kuma nakan mayar musu da wata: wa zai biya ka? Shafi ba ya haihuwar kuɗi. Dole akwai wani a wani wuri da zai zaro daga aljihunsa, kuma mutum huɗu ne: kamfanin talla, mai kayan da ke ba da la'ada, mai sayen kayanka, ko ɗan kasuwar da ke neman a kawo masa kwastoma. Kowanne irin ginin da yake buƙata daban. Wanda ya fara da zaɓen launi da tambari kafin ya amsa wannan tambaya, rumfa ya kafa bai san ranar da kasuwar take ci ba.

Tushen dai ɗaya ne ga dukkansu. Akwai domen, wato sunan da ake rubutawa a iso gare ka, kuma haya ce ta shekara-shekara, ba saye ba. Mai ƙarewa da .ng ko .com.ng yana ƙarƙashin kulawar NiRA, hukumar da ke kula da domen na Najeriya, ana biyansa da naira. Mai .com kuwa da dala ake lissafinsa, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kuɗin sabunta shi ya zama abin da ake shiryawa tun da wuri. Sai hostin, ɗakin da fayilolinka suke kwana. Mai farawa ya ɗauki ƙaramin da ake tarayya da wasu, ya ishe shi. Sai manhajar gini. Blogger na Google kyauta ne, ba ya buƙatar hostin, amma ɗan haya kake a ciki. WordPress, wanda ya fito a 2003, shi ke ɗauke da fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya, kuma yawancin kamfanonin hostin suna da maɓallin girka shi a cikin cPanel, wato allon da ake sarrafa hostin da shi. Daga nan a kunna makullin SSL, wanda ke kare bayanan da ke wucewa tsakanin shafi da mai ziyara. Let's Encrypt yana ba da shi kyauta, yana ƙarewa bayan kwana 90, don haka a tabbata an saita shi ya riƙa sabunta kansa. Tun Yulin 2018 Chrome yake yi wa shafin da ba shi da wannan makulli tambarin cewa ba amintacce ba ne, kuma babu mai sa lambar katinsa a irin wannan wuri.

Nau'in da kowa yake rububi shi ne shafin rubutu mai cin kuɗin talla. Ka yi rubutu, mutane su zo, Google AdSense ya liƙa talla, a raba kuɗin, kasonka ya kama kusan 68 cikin ɗari. Kafin a karɓe ka sai an ga rubutunka na kanka, da shafin bayanin ko kai wane ne, da na hanyar tuntuɓa, da na manufar sirri. Bayan an karɓe ka sai ka ɗora wani ɗan fayil mai suna ads.txt, mai nuna wanda ka ba izinin sayar da talla a shafinka, a tushen shafin. Idan kuɗinka ya kai dala 10, za a turo maka lambar sirri mai alƙaluma shida a takarda ta gidan waya. Nan mutane da yawa suke maƙalewa, domin sun rubuta adireshi irin na "bayan masallacin Juma'a", takardar ba ta san hanya ba, kuma idan wata huɗu ya cika ba a shigar da lambar ba, talla za ta daina fitowa. A yi amfani da akwatin gidan waya ko adireshin ofis da masu raba wasiƙa suka sani. Ba a biya sai kuɗin ya kai dala 100, ana turowa tsakanin 21 da 26 ga wata.

Ga abin da masu sayar da kwas ba sa faɗa. Har zuwa lokacin da nake wannan rubutu, babu Hausa a jerin harsunan da AdSense ya amince da su. Akwai Larabci, akwai Turanci, akwai Faransanci, babu namu. Wannan abu yana yi mini ciwo, domin masu karatu da Hausa miliyoyi ne. Shafin da zallar Hausa ce a cikinsa zai iya shan ƙi sau da yawa ba don rubutun ya gaza ba. Ko an sami hanya an shiga, akwai matsala ta biyu: farashin talla ya danganta da ƙasar mai karatu. Mai talla yana biyan kuɗi mai tsoka don ya isa ga mutumin Amurka ko Ingila, na Najeriya da Nijar kuwa kaɗan ake sayensa. Yi lissafin da kanka. A ce ana ba ka dala 1 a kan kowace buɗewa 1,000. Kafin ka ga dala 100 sai an buɗe shafukanka sau 100,000. Tun farkon 2024 ma Google ya koma biya bisa yawan fitowar talla maimakon yawan dannawa.

Wannan jiran ne yake tura wasu ga abin da ke kashe su. Su danna tallar kansu, ko su kafa rukuni a WhatsApp na "danna mini in danna maka", ko su sayi baƙi na bogi. Google yana ganin waya ɗaya, layi ɗaya, mutum ya shigo ya danna ya fita cikin daƙiƙa uku. Ranar da aka rufe asusun, kuɗin da ke ciki ya tafi, kuma da wuya a sake buɗe wa mai wannan suna. Haka masu kwaso labaran jaridu su liƙa, ko su sa na'ura ta zubo musu rubutu ɗari a rana. A watan Maris na 2024 Google ya tsaurara dokarsa a kan irin wannan tulin rubutu, shafuka da yawa suka ɓace daga sakamakon bincike. Shawarata ga mai rubutu da Hausa ita ce ya daina jiran Google, ya sayar da gurbin talla kai-tsaye. Makarantar kuɗi, mai sayar da sola, kamfanin jirgin yawo na Umara, duk suna neman ainihin mutanen da ke karanta Hausa. Ka nuna musu alƙaluman Google Analytics, mai ƙirga masu ziyarar shafi, na wata uku, ku yi ciniki na wata-wata.

Na biyu shi ne dillanci, kuma Bahaushe ba baƙonsa ba ne. Ka haɗa mai saye da mai kaya, ka karɓi la'ada. Bambancin kawai shi ne a nan mahaɗi ne na musamman yake shaida cewa kai ka kawo cinikin. Jumia da Konga sun yi irin wannan tsari, Selar ma yana ba masu sayar da littattafai da kwasa-kwasai damar sa dillalai. Na Amazon yana da sharaɗi: idan ba ka kawo ciniki uku a cikin kwana 180 na farko ba za a rufe asusun, kuma mahaɗin yana tuna cewa kai ka kawo mai sayen na awa 24 ne kawai. Tun da mutanenmu ba kasafai suke saye a can ba, wannan na mai rubuta wa Turawa ne. Shafin dillanci yana cin nasara idan ya tsaya a kan abu ɗaya da mutane ke bincike dab da saye, misali bambancin batirin sola mai ruwa da na litiyam, da wanda ya dace da gida mai fanka uku da firji. Kuma ka faɗa wa mai karatu cewa kana da la'ada a ciki. Wanda ka tura ya sayi jabu ba zai dawo ba, kuma alhakinsa na wuyanka.

Na uku shi ne wanda na fi yarda da shi ga mutanenmu: kanti. Atamfa da shadda daga Kantin Kwari, kilishi, turaren wuta, takalman fata, huluna. A nan riba taka ce gaba ɗaya, ba ka jiran wani ya yanka maka. A kan WordPress ana ɗora WooCommerce, manhajar da ke mayar da shafi kanti, kyauta ne. A saita kuɗi zuwa naira, a raba yankunan aike, domin kuɗin kai kaya cikin Kano daban da na Legas ko Fatakwal. Sai a haɗa hanyar biya. Paystack, wanda Stripe ya saya a 2020, yana cire kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin naira 100 a cinikin cikin gida. Ana yafe naira 100 ɗin idan cinikin bai kai naira 2,500 ba, kuma cajin ba ya wuce naira 2,000 komai girman cinikin. Kayan naira 20,000 ke nan za a cire 400. A sa wannan a cikin farashi tun farko. Flutterwave ma yana yin aikin. Wanda ya yi rajistar sunan kasuwancinsa a CAC ya fi samun sauƙi a wurinsu, kuma mai saye ya fi sakin jiki idan sunan kanti ya gani a asusun ba sunan mutum ba.

Abin da ke kashe kanti da yawa hoto ne. Waya tana ɗaukar hoto mai nauyin megabait 4 ko 5, a ɗora guda talatin a shafi ɗaya, mai saye yana kan layi mai rauni da datar naira ɗari biyu. Zai fita kafin hoto na uku ya buɗe. A rage faɗin kowanne zuwa fiksel 1,000 ko 1,200, a mayar da shi WebP, wani nau'in hoto marar nauyi, ya dawo wajen kilobait 100. A ɗauki hoton yadi da hasken rana, a inuwa, domin fitilar shago tana sauya launi, kuma rabin rigimar "ba shi na gani ba" daga nan take. Sannan a gwada komai a ƙaramar waya ta Android, ba a kwamfutar da aka yi ginin ba.

Abu na biyu, mutanenmu ba sa son saye ba a yi magana ba. Suna son sallama, suna son tayi. Kar ka yi faɗa da wannan ɗabi'a. A ƙarƙashin kowane kaya sa maɓallin WhatsApp da mahaɗin wa.me, lambar ta fara da 234, a cire sifirin farko, a sa saƙon ya zo da sunan kayan a rubuce. Batun biya bayan an kai kaya kuwa, a yi hattara. Ka biya kuɗin mota a tasha, kaya su isa, mai saye ya kashe waya, ka biya na dawowa. A karɓi aƙalla kuɗin aike kafin kaya su tashi, a tura masa hoton ƙunshin da lambar direba.

Na huɗu ƙarami ne amma yana da albarka: shafi mai fuska ɗaya, don kaya ɗaya ko hidima ɗaya. Kanu, hoto, farashi, shaidar waɗanda suka saya da gaske, maɓalli ɗaya. Babu wata ƙofa da za ta ɗauke hankalin baƙo. Ana kora masa mutane da tallar Facebook ko Instagram, a dasa Meta Pixel don a san tallar da ta kawo ciniki. A tuna tun Janairun 2022 ana ɗora harajin VAT na kashi 7.5 a kan tallar Facebook a Najeriya. Ka fara da kuɗi kaɗan, hoto biyu ko uku, ka bar su kwana huɗu ko biyar kafin ka yanke hukunci. Idan ka kashe naira 10,000 ka sami masu saye biyu, kowanne ya ci maka 5,000. Ribar kayan in ba ta haura haka ba, tsaya ka gyara. Lambobin wayar da ka tara kuma amana ce, dokar kare bayanai ta 2023 ta hana amfani da su ta hanyar da masu su ba su yarda ba.

Akwai wani abu da ya shafe mu mu kaɗai, wato haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Wasu salon rubutu ba su da su, sai ka ga akwati ko alamar tambaya a tsakiyar kalma. Kafin ka zaɓi salo, rubuta "ƙwaƙwalwa" da "ɓarawo" ka duba a waya. Noto Sans yana ɗauke da su. A cikin adireshin shafi kuwa a bar su, a rubuta k da d da b zalla, domin idan aka tura mahaɗi mai lanƙwasa yakan rikiɗe ya zama dogon jerin alamomi, kuma yawancin masu bincike ba sa sa lanƙwasar. A yi rajista da Google Search Console, a miƙa taswirar shafi, wato jerin adireshin duk abin da ke cikinsa, a riƙa duba ainihin kalmomin da mutane suka rubuta suka iso.

Kar a ɗora tim (rigar shafi) ko fulogin (ƙaramar manhajar da ke ƙara masa aiki) na kuɗi da aka fasa ake rabawa kyauta. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Da yawansu an cusa musu ƙofar baya, wata rana ka wayi gari shafinka yana tura mutane gidan caca, Google ya sa masa jan gargaɗi. Fulogin kaɗan, a riƙa sabunta su, a riƙa ɗaukar kwafin ajiya duk mako a kai shi wajen hostin ɗin, kamar Google Drive. Idan wani ne zai gina maka, domen ya kasance da sunanka da imel ɗinka, ba nasa ba. Rubuta ranar ƙarewarsa a inda za ka gani, ka sabunta saura wata guda, domin idan ya faɗi ya wuce kwanakin alfarma, kuɗin fansarsa ya ninka na sabuntawa sau da yawa, in ya wuce nan kuma kowa na iya saye.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan labari daga inda aka fara yanka farashin aiki: nawa ake karɓa kafin a fara, me ake rubutawa a yarjejeniya, da yadda ake miƙa wa mai shafi makullansa.