Abin da tunkuza ta koya mini a kiwon kajin nama

Ina kiwon kajin nama a bayan gidanmu, a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Ɗari uku nake zubawa a kowane zagaye, kuma da hannuna nake haɗa musu abinci tun da buhun kamfani ya fi ƙarfina. Bayan cire tallafin man fetur a 2023, kaya suka yi tashin gwauron zabo a kasuwar Dawanau. Abin da ya fi ci mini rai shi ne dusar waken suya, wadda aka tatse wa mai, domin ita ce ƙashin bayan haɗina.

Sai na yi dabara. Na ji ana cewa tunkuzar gyaɗa tana da furotin kusan kashi 45 cikin 100, daidai da na waken suya, ga ta kuma a ƙofar gida wajen matan da ke yin ƙuli-ƙuli. Na cire fiye da rabin waken, na cike da tunkuza. A lissafin takarda babu abin da ya ragu. A ɗakin kaji kuwa, mako na biyar ya zo ƙirjinsu kamar wuƙa, gashinsu a yamutse, wasu na tsattsage gashin wasu. Ci suna ci, nauyi ne babu.

Ɗan yayana da ya karanci kiwon dabbobi a Jami'ar Bayero ya zo gaisuwa, na ja shi ya gani. Ya ɗebo abincin ya murza a tafin hannu, ya ce, "Baffa, ai ba furotin kaza ke nema ba, abin da ke cikinsa take nema." Ya ce furotin gini ne da aka yi da tubala iri-iri har ashirin, su ake kira amino asid, kuma kusan goma daga ciki jikin kaza ba ya iya ƙera su, dole ta ci. Ya nuna randar ruwanmu ya ce, "In ta huje a gindi, ko kun kwana kuna zuba ruwa, iyakarsa bakin hujin nan." Masara da tunkuza duk suna da ƙarancin biyu daga cikin waɗannan tubalan, laisin da metiyonin. Waken suya na da laisin mai yawa, metiyonin ne ya gaza. Da na cire waken, sai na haɗa matalauta biyu a gida ɗaya. Ya ƙara da cewa an fi zurfafa wannan ilimin a kiwon alade a ƙasashen Turawa, inda laisin ne ke fara gazawa, a kaza kuma metiyonin.

Abin da ya fi shiga raina shi ne makomar sauran furotin ɗin. Kaza ba ta ajiye shi. Tana narkar da shi ta fitar a kashi, ta sha ruwa da yawa don wanke shi. Ashe shi ya sa ɓuntun shinkafar da nake shimfiɗa musu ke jiƙewa da wuri, warin nan mai yaji ya riƙa sa ido hawaye. Kuɗina ne nake kwashewa da shebur ina sayar wa manoma a matsayin taki.

A zagaye na gaba na raba ɗakin biyu da raga. Ɓangare ɗaya na ba su tsohon haɗina na bayan mako uku, mai kilo 30 na waken suya a cikin kilo 100. Ɗayan na sauke waken zuwa 25, na ƙara masara, na sa garin laisin giram 250 da na metiyonin giram 250 da na sayo a shagon kayan kaji a cikin Kano. Furotin ya sauka daga wajen kashi 20 zuwa 18. Da na ɗora su a sikeli a mako na shida, ban ga bambancin da zan iya nunawa ba, kuma shimfiɗar ɓangare na biyu ta fi bushewa.

Haɗa garin nan yana da wuya fiye da yadda ake zato. Giram 250 ɗan kaɗan ne a cikin kilo 100. Ran farko na watsa shi a kan tulin na juya da shebur, kuma na tabbata wasu kajin sun ci da yawa wasu ko ɗanɗanawa ba su yi ba. Yanzu ina fara cuɗa shi da gishiri da garin bitamin a cikin kwano ɗaya na garin masara, in juye wannan a cikin kwano biyar, sannan ya shiga babban tuli. Na sayi ƙaramin sikeli don haka, na daina awo da cokali.

Sai kwaɗayi ya ja ni. Na sauke waken zuwa kilo 18, ina ganin garin zai rufe komai. Bai rufe ba. Mai gasa kajin da ke saye a wurina ya buga waya ya ce, "Malam, waɗannan kitse ne a cikinsu, tsokar ƙirji babu." Ɗan yayana ya ce na toshe huji biyu, na buɗe na uku da na huɗu, wato wasu amino asid ɗin, tiriyonin da balin, waɗanda ba na samu a shagunan da nake zuwa. Na koma kan 25.

'Yan tsaki kuwa ban taɓa rage musu ba, har su cika mako uku suna kan kashi 22. Tunkuza ban bar ta gaba ɗaya ba, ina sa kilo 5 a maimakon wani ɓangare na waken, in ƙara laisin kaɗan. Amma sai na karya ta na shinshina tukun, domin wadda ta yi fumfuna kan ɗauki gubar da ke lalata hantar kaza, kuma garin laisin da metiyonin ba ya gyara wannan.