Ƙannena masu aikin jinya a sashen ciki da hanji, ku tausaya wa bayanku

Duk wanda aka tura ɗakin duba ciki da hanji, hankalinsa kan kayan aiki yake tafiya: yadda ake haɗa bututun kyamara, yadda ake wanke shi, yadda ake lura da numfashin wanda aka yi wa allurar barci. Ba kasafai ake zaunar da sabon nas a gaya masa cewa aikin nan yana cin ƙugu ba. Ni sai da bayana ya fara ciwo na gane, shi ya sa nake so ku ji tun da wuri.

Ku dubi abin da muke yi idan ana duba babban hanji. Majinyaci yana kwance ta gefen hagu, bututun ya lanƙwashe a ciki ya ƙi gaba, sai likita ya ce a danna ciki. Nas za ta sunkuya, ta miƙa hannu ta danne, ta daɗe a haka ba motsi. Daga nan a ce a juya shi rigingine, alhali magani ya kashe masa jiki, ba ya iya taimakon kansa ko kaɗan. Wani kuma ciwon hanta ya tara masa ruwa a ciki, nauyinsa ya ƙaru. Na yi shekaru ina wannan juyi ni kaɗai, saboda kunyar kada a ce yarinyar nan raguwa ce. Ko ɗaga gado daidai ƙuguna ba na tsayawa yi, don kada in ɓata wa likita lokaci. Wallahi minti ɗaya bai kai ba, amma na riƙa barinsa.

Hukumar NIOSH ta Amurka, mai bincike kan lafiyar ma'aikata a wurin aiki, ta ƙayyade kilo 23 a matsayin iyakar abin da ma'aikaci zai ɗaga idan komai ya daidaita, wato kaya a kusa da jiki, ba murɗa ƙugu. A shekarar 2007 wani masanin hukumar, Thomas Waters, ya ce idan mutum ake ɗagawa kada nauyin da ke kan nas ya wuce kilo 16, domin mutum ba shi da mariƙi, kuma yana iya zillewa ba zato. To wane babba ne bai ninka wannan sau uku ko huɗu ba? Nauyin yana sauka ne kan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ƙasan baya, yana cinsa kaɗan-kaɗan, har ranar da ciwo zai sauko ta ɗuwawu zuwa ƙafa.

Saboda haka ku kira abokin aiki, ko da Sista ce babba. Ku shimfiɗa zani a ƙarƙashin majinyaci tun kafin a yi masa allura, ku ja zanin tare maimakon ku rungumo mutum. Wanda yake da sauran ƙarfi, a ce ya kwanta yadda ake so da kansa kafin barci ya ɗauke shi. Wajen danna ciki ku matso jikin gado, ku ware ƙafa, ku bar nauyin jikinku ya yi aikin, in abin ya yi tsawo ku karɓi juna. Ranar aikin da ake haɗawa da hoton eksre kuwa, rigar dalma da ake sawa don kare jiki daga hasken eksre, mai kashi biyu, ta sama da ta ƙugu, ta fi mai zubi ɗaya sauƙi ga kafaɗa. Ku tambaya ko akwai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne magani. Na riƙa shan maganin kashe ciwo diclofenac da safe, wani lokaci ba komai a cikina, don in iya tsayuwa. Mu ne fa muke ganin gyambon ciki da zubar jinin da irin waɗannan magunguna suke jawowa. Maganin yana rufe ciwon ne kawai, ɓarnar tana nan tana ci gaba. Ciwon da ya ƙi tafiya bayan 'yan makonni, ku sanar da shugabar sashe, ku je wurin masu gashin ƙashi su koya muku motsa jikin da ke ƙarfafa tsokar ciki da ta baya. Idan kuwa ƙafa ta fara sanyi ko mutuwa, ko tsakanin cinyoyi ya daina ji, ko fitsari ya ƙi fita ko ya ƙi riƙuwa, ku ajiye aiki ku ga likita a ranar.