Ful, jini da maganin zazzaɓi a Jizan

A Jizan ta Saudiyya, ko ka samu iƙama, wato takardar izinin zama, baƙo kake har sai ka fara sa hannu a kwanon ful (dafaffen wani irin wake) da gurasar tamis na karin kumallo. Ni na saba tun watan farko, da abokan aiki a kantin magani. Ɗana kuwa har abada: gwajin jini ya nuna yana da ƙarancin wani sinadarin jini da ake kira G6PD, likita ya ce shi da ful sai kallo.

Uwarsa ta kasa gane yadda wake zai cuci yaro, sai da na tono karatun da na baro a Zariya. A cikin ful akwai sinadarin da idan ya shiga jiki yake haifar da firi radikal, wato ɓarɓashi masu elektiron guda marar abokin zama, waɗanda ke fizgar na duk abin da suka taɓa su lalata shi. G6PD ne ke taimaka wa jajayen ƙwayoyin jini su kashe wannan wutar. Idan ya yi ƙaranci sai ƙwayoyin su fashe, ido ya yi rawaya, fitsari ya koma kamar baƙin shayi.

Firimakwin ma, wani maganin zazzaɓin cizon sauro, haka yake yi wa irin su ɗana. A gida ba kasafai ake ba da shi ba, don nau'in zazzaɓin da ake kira falsifarum ne ya fi addabarmu. A nan kuwa, da iyakar Yaman kusa da ma'aikata daga Habasha da Pakistan, ana ganin nau'in bibaks mai ɓuya a hanta, wanda firimakwin ke kashewa a can, kuma ƙa'ida ita ce a gwada jini kafin a ba da maganin.

Abin da ya fi burge ni shi ne atemisinin, wani maganin zazzaɓin, wanda masaniyar ƙasar Sin Tu Youyou da tawagarta suka tace daga wani nau'in tazargade a 1972, ta kuma samu kyautar Nobel a 2015. A jikinsa akwai gada ta ƙwayoyin oksijin biyu. Ƙwayar cutar na cin himogulobin, wato sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, ta saki sinadarin ƙarfe, ƙarfen ya karya gadar, radikal su fito su ƙone ta a cikin ɗakinta. Abincinta ne ke kunna ajalinta.

Amma gadar nan ba ta jure zafi da laima, kuma Jizan ta tara duka biyun. Mutanenmu kuwa kowa da guzurin maganinsa daga gida. Wani dattijo direba ya nuna mini nasa, ya shekara a aljihun mota.

"Baba, kwalin ya ce kada ya wuce digiri 30."

"Ɗan nan, ai bai ƙare aiki ba, duba kwanan wata."

Da ƙyar ya yarda ya je a gwada jininsa. Maganin dai ya ƙi bar mini, ya ce kuɗi ya sa ya saya.