Yadda Sankarar Maƙogwaro Ke Janyo Wa Kanta Jini

Ƙullutun sankara da ya fito a kan tantanin murya ba ya wuce milimita 1 zuwa 2 muddin bai samu jijiyoyin jini nasa na kansa ba. Dalili kuwa, iskar oksijin ba ta ratsa tsoka da nisa. Da ta bar jijiya, tafiyarta ba ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na milimita. Judah Folkman, likitan fiɗa a Amurka, shi ya ja hankalin duniya ga wannan a 1971.

Da ƙwayoyin tsakiyar ƙullutun suka fara shaƙewa, sai wani furotin mai suna HIF ya taru a cikinsu, ya sa su fitar da sinadarin VEGF. Wannan shi ne ɗan aike. Yana isa jijiyar da ke kusa, bangonta ya saki, ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikinta su yi tsiro, su nufi inda kiran ya fito.

Sai dai aikin gaggawa ne. Sababbin jijiyoyin a murɗe suke, bangonsu na yoyo, wasu ma ba su da mafita. Shi ya sa ƙullutun ke saurin zub da jini, amma cikinsa na fama da ƙarancin oksijin. Nan matsalar take, domin gashin radiyeshon, wato kashe sankara da haske mai ƙarfi, da oksijin yake aiki: ƙwayar da ta rasa shi tana iya jure kusan ninki uku na hasken da zai kashe 'yar'uwarta mai oksijin. Mai shan taba a lokacin gashi yana ƙara rage oksijin ɗin jininsa da kansa, kuma wallahi wannan asara ce da za a iya kaucewa.

Amma ɓarnar da jijiyoyin suka yi ita ke tona asirinsu. A lafiyayyen tantanin murya, jijiyoyi a kwance suke, sun bi tsawonsa. Na sankara kuwa miƙewa suke su tunkaro sama, a gan su kamar ɗige-ɗige. Kyamarar NBI, mai haske shuɗi da kore, tana fito da su ƙarara saboda jini na shanye wannan hasken. Da ita likita ke gane inda zai yanki tsokar gwaji. Tarko ɗaya: ƙurajen fafiloma, waɗanda ba sankara ba ne, su ma suna yin irin ɗigon, don haka sakamakon gwajin tsoka ne ke yanke hukunci.

Dishewar murya da ta haura mako uku, musamman ga mai shan taba ko giya, tana bukatar likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya leƙa da kyamara.