Ɗanye Da Nunanne A Titunan Bangkok

A bakin lungun da masaukina yake a Bangkok akwai wata dattijuwa da ke kafa kekenta na turawa tun da hantsi, kuma a makonni ukun da na yi a birnin, daga tsakiyar watan Mayu zuwa farkon Yuni, ba na jin an yi kwana biyu a jere ban tsaya a gabanta ba. Keken nata akwatin gilashi ne da aka cika ƙasansa da ƙanƙara, aka jera abarba da kankana da gwanda da gwaba da mangwaro a kai, yawancinsu a fere. Mutanen Tailan suna kiran mace mai sayar da kaya "mae kha", wato uwar ciniki, namiji kuma "pho kha", amma idan za ka yi mata magana kuma ta haife ka, "Pa" ake cewa, kamar dai mutum ya ce gwaggo. Idan ka nuna abin da kake so, sai ta ɗora shi a kan wani lanƙwasasshen faranti na ƙarfe, ta sassare shi da wuƙa cikin bugu biyar ko shida, ta karkata farantin ya zube a leda, ta soka tsinke, ta haɗa maka da wani ɗan ƙulli na gishiri da sukari da dakakken barkono wanda suke kira "phrik kluea". Baht 20, kuɗin ƙasar, nake ba ta a kan kowace leda.

Ranar farko gwaba na nuna, kuma da na kai baki sai na ji ta tauri ƙam, fara fat a ciki, babu laushi, zaƙin ma kaɗan ne. Na ɗauka ta ga baƙo ne ta sauke mini abin da ya ƙi saye. Ina tsaye ina tauna takaicina sai ga wata mata cikin kayan ofis ta sayi irinta sak, ta dangwala a cikin gishirin nan tana ci tana tafiya. Da na gwada haka sai na gane cewa gwabar ba ta da laifi, a matakin da ake son ta aka tsinko ta, domin ƙarfin ɓurmawarta a haƙori da ruwan da ke fita shi ake nema, gishiri da barkono kuma su suke fito da ɗan zaƙin da ke ɓoye. Sunan gwaba a harshensu "farang", kalmar da suke kiran Bature da ita, kuma an ce Turawa ne suka kawo ta, tun da Fotugis sun isa tsohon babban birni Ayutthaya a shekarar 1511, kuma gwaba da gwanda da barkono duk asalinsu daga nahiyar Amurka ne.

Daga wannan gwabar na fara lura da cewa a ƙasar nan nuna ba mataki ɗaya ba ne da ake jiran ɗan itace ya kai. Kowane mataki yana da masu sonsa, da abin da ake haɗa shi da shi, wani lokaci ma da irinsa na musamman. Mangwaro ya fi komai nuna wannan. Akwai irin da ake kira Khiao Sawoei wanda don a ci shi kore ake shuka shi, ba shi da tsami sosai, yana da garɗi. Akwai masu tsamin da ke sa mutum runtse ido, waɗanda ake dangwalawa a wani miya mai kauri da ake kira "nam pla wan", haɗin sukarin da ake dafawa daga ruwan furen kwakwa ko na wata bishiya 'yar uwar giginya, da ruwan kifi mai gishiri, da ƙananan albasa, da busasshen jatan lande. Sannan ga Nam Dok Mai, dogo mai tsinin baki, wanda ake bari ya yi rawaya sharr, ba shi da zare ko kaɗan, kuma shi aka fi yankawa a gefen shinkafa mai danƙo wadda aka jiƙa ta kwana, aka turara, aka gauraya da madarar kwakwa da sukari da gishiri tun tana da zafi. Gishirin nan na cikin madarar kwakwa shi ne ke hana abin gundura, kuma a ganina mai sayarwar da ta yi rowar gishiri ta ɓata mangwaronta.

Gwanda kuwa, ɗanyarta ta fi nunanniyarta kasuwa. Ita ce ake kankarewa siri-siri a yi "som tam", abincin da ya fito daga yankin Isan na arewa maso gabas ya mamaye ƙasar gaba ɗaya, kuma sunan kansa yana nufin abu mai tsami da aka daka. Tun daga nesa ake jin ƙarar taɓaryar katako a cikin turmin ƙasa. Mai dakan takan tambaye ka barkono nawa, kuma wanda ya ce biyar saboda kunya shi zai sha hawayensa. Musulmi yana iya tsayawa ya ga duk abin da ake jefawa a turmin, tafarnuwa da tumatir da lemon tsami da gyaɗa, sai dai ya kula da abin da ake gasawa a gefe, domin kalmar "mu" naman alade take nufi kuma yana ko'ina. Masu sayar da abincin halal sukan liƙa alamar Majalisar Musulunci ta ƙasar ko jinjirin wata da tauraro a jikin kekensu.

Duriyan ne ya ɗauke mini mafi yawan lokaci, kuma ban yi nadama ba. Girmansa ya kai kan mutum ko ya fi, jikinsa duk ƙaya ce mai kaurin gindi, a ciki kuma akwai ɗakuna yawanci biyar, kowanne da dunƙulen tsoka mai launin rawaya kewaye da ƙwallo. Warinsa, ko ƙamshinsa ga masoyansa, yana da nacin da ya sa ake hana shiga da shi jiragen ƙasa na cikin birni da yawancin otal-otal, inda za ka ga hotonsa an ja masa jan layi kusa da hoton taba sigari. Na tarar da ganiyar kakarsa, don haka kowace yamma wata motar a-kori-kura takan tsaya kusa da mahaɗar titi maƙare da shi. Mai motar yana sanye da safar hannu mai kauri, yana riƙe da wata 'yar sanda da aka naɗa wa roba a baki. Sai ya ɗaga duriyan a tafin hannu, ya karkata kunne, ya bubbuga. Idan sautin ya fito a toshe, tsokar tana manne da ɓawo, da saura. Idan ya fito da ɗan holoƙo, ta fara janyewa daga ɓawon, ya nuna ke nan. Bayan haka sai ya yanka wata 'yar taga mai kusurwa uku a jikin ɓawon, ya ɗaga, ya bar mai saye ya danna da yatsa.

Kafin duk wannan sai ya tambaye ka yadda kake so. Da yawa daga mutanen Bangkok sukan ce "krop nok num nai", wato waje da ɗan ƙarfi, ciki da laushi, matakin da tsokar ke riƙe da siffarta kuma warin bai yi yawa ba. Wasu sun fi son ta narke har ta fara ɗan ɗaci. Wannan zaɓi yana yiwuwa ne saboda manoman Tailan sare duriyan suke yi daga kan bishiya kafin ya faɗo, ya ƙarasa nuna a hanya, saɓanin maƙwabtansu na Malesiya da ke jira ya faɗo da kansa, kuma kowane ɓangare yana ganin ɗayan bai iya ci ba. Irin da ya fi yawa shi ne Monthong, ma'ana matashin kai na zinariya, mai yawan tsoka da ƙaramin ƙwallo da sauƙin wari, kuma da shi ya kamata baƙo ya fara. Ni dai na fi son Chanee, wanda ya fi shi duhun launi da ƙarfin ɗanɗano, kamar madara mai kauri da aka dafa da sukari sannan wani ɗan soyayyen albasa ya gifta ta ciki. Na san wannan siffantawa ba za ta ja hankalin kowa ba, amma ita ce mafi kusa da gaskiya. Da kilo ake sayarwa har da ɓawo, kuma ɓawon ya fi tsokar nauyi nesa ba kusa ba, don haka kuskuren sandar mai mota hasara ce ta gaske ga mai saye.

Cibiyar noman duriyan ita ce lardin Chanthaburi, kimanin kilomita 250 kudu maso gabas da Bangkok, tare da maƙwabtansa Rayong da Trat, kuma idan kakar gabas ta wuce sai ta kudu ta shigo daga wurare irin su Chumphon. Mafi yawan abin da ake fitarwa waje ƙasar Sin yake tafiya, kuma har zuwa 2022, lokacin da aka buɗe wa Biyetnam ƙofa, kasuwar duriyan da ba a daskarar ba ta Sin a hannun Tailan take. Tsadar farkon kaka takan sa wasu sare shi tun bai ƙosa ba, irin wanda ko shekara zai yi a ajiye ba zai yi daɗi ba, shi ya sa hukuma ta shiga maganar nuna da ma'auni. Monthong yana bukatar kimanin kwana 120 daga buɗewar fure, kuma idan aka busar da tsokarsa a gwaji, abin da ya rage bai kamata ya gaza kashi 32 cikin 100 na nauyinta ba. Abin da jami'i yake nema da na'ura, shi mai mota yake nema da kunne.

Kusa da tarin duriyan kusan kullum akwai mangostin, wanda suke kira "mangkhut", ƙarami mai launin shunayya mai duhu. Sun yi imani duriyan yana sa zafin ciki, shi kuma yana sanyaya shi, don haka tare ake cinsu. Wata mai sayarwa ta juya mini ɗaya ta nuna mini wani ɗan tambari mai kama da fure a gindinsa, ta ce in ƙirga ganyayyakin. Shida na samu, da ta matse shi ya tsage sai ga fararen ɓarori shida cif. Ta kuma koya mini cewa wanda ɓawonsa ya yi tauri kamar dutse ya lalace a ciki. Rambutan mai jan gashi shi ma lokacinsa ne, amma longan, wani ƙaramin ɗan itace mai ɓawo ruwan ƙasa, na lardunan Lamphun da Chiang Mai a arewa, sai wajen Yuli da Agusta yake cika kasuwa, don haka kaɗan na gani.

Kasuwar Or Tor Kor, wadda ke kusa da babbar kasuwar Chatuchak a bakin tashar jirgin ƙasa ta Kamphaeng Phet, ta wata hukumar tallata amfanin gona ce da aka kafa a 1974, kuma a can ake ganin mafi kyawun abin da ƙasar ke nomawa, an ɓare duriyan an jera a farantai, kowane mangwaro kamar an goge shi da kyalle. Tsafta ta kai tsafta, tsada ma ta kai tsada. Kasuwar Khlong Toei da ke kusa da tashar jiragen ruwa ta fi burge ni, ko da yake ƙasanta a jiƙe yake kullum kuma sai mutum ya ratsa ta layin kifi da kwaɗi da nama kafin ya kai ga 'ya'yan itace. Tun kafin asuba take cika, domin a irinta ne masu kekuna da masu gidajen abinci suke sari, yayin da manyan motocin larduna ke sauke kaya a Talat Thai da ke Pathum Thani, arewa da birnin.

Kasuwar kan ruwa ta Damnoen Saduak, a kan magudanar da aka haƙa tsakanin 1866 da 1868 a zamanin Sarki Mongkut, a yau ta masu ɗaukar hoto ce, ban daɗe ba na fito. Ta Maeklong a lardin Samut Songkhram ita ma baƙi sun cika ta, sai dai har yanzu mutanen gari suna cefane a cikinta. A kan layin dogo take, kuma sau 8 a rana jirgi yake ratsawa. Da an ji ƙaho sai a naɗe rumfuna a ja tebura baya, amma kwandunan da ke ƙasa ba a taɓa su, domin masu su sun san iyakar tsayin da cikin jirgin zai wuce a kai bai shafa ba.

Zaman masu kekuna a kan titi ba shi da tabbas. Tun daga 2014 hukumar birnin Bangkok ta soke wurare da dama da a da aka yarda a yi talla a gefen hanya, kuma a 2017 maganar kawar da su daga manyan tituna ta tayar da ƙura har aka dawo ana cewa unguwanni irin su Yaowarat, unguwar Sinawa, za su ci gaba amma bisa tsari. Akwai kuma ƙa'idar ranar Litinin, wadda aka ware don wanke tituna, ba a kasa kaya a gefen hanya. Ban san da ita ba sai da na fito wata Litinin na tarar da bakin lungun fayau, daɓen a jiƙe, babu keke babu ƙarar turmi, har na yi zaton an kore su ne. Washegari na same ta a wurinta tana fere abarba. Na ce, "Pa, mangwaro fa?" Ta girgiza kai ta nuna mini ɗan abin da ya rage, ta ce lokacinsa ya kusa wucewa, sannan ta jawo wani kwando daga ƙarƙashin keken, ta tsaga rambutan ɗaya da farce ta miƙo mini in ɗanɗana kafin in saya.